Aikin da Ido Ba Ya Gani: Tarihin Ma'auni da Inganci a Sana'ar Ɗaura Kayan Sauti na Mota a Kuala Lumpur

Tsakure

Wannan maƙala ta bi diddigin tarihin ƙa'idojin aiki a sana'ar ɗaura rediyo da lasifika da amfilifaya a cikin mota, inda ta ɗauki birnin Kuala Lumpur na ƙasar Maleshiya a matsayin fagen nazari. Tambayar da ta tsaya a kai ita ce: me ya sa ƙasar da ta shafe fiye da shekara 50 tana ƙera rediyon mota bisa ma'auni mai tsauri ba ta ɗora irin wannan ma'auni a kan hannun da ke ɗaura shi ba? An gina nazarin a kan dokokin ƙasar, da ma'aunan ƙasa da ƙasa, da ƙa'idojin ƙungiyoyin gasar sauti. An gano cewa ma'auni ya kama kaya tun shekarun 1980, amma aikin hannu ya ci gaba da zama a kan amanar maigida da yaransa. Abubuwa uku ne suka rage wannan giɓi: gasar sauti, da dokar kare masu saye ta 1999, da sharuɗɗan garantin kamfanonin mota. Daga ƙarshe maƙalar ta auna darasin da ke ciki ga masu irin wannan sana'a a Kano da sauran biranen ƙasar Hausa.

Fitilun Kalmomi: inganci, ma'auni, sana'ar hannu, kayan sauti na mota, Kuala Lumpur

1.0 Gabatarwa

Sana'o'in hannu iri biyu ne ta fuskar yadda mai saye yake iya auna su. Akwai waɗanda aibinsu ke bayyana tun a gaban mai sana'a: wanda ya kai ɗinki zai juya rigar ya duba bakin zare, wanda ya karɓi rini a Ƙofar Mata zai ɗaga ƙyallen a rana ya ga ko shuni ya kama. Akwai kuma waɗanda mai sana'a ke rufe aikinsa da hannunsa kafin mai kaya ya iso. Ɗaura kayan sauti a mota yana cikin kashi na biyu. Mutum zai bar motarsa da safe, ya dawo da la'asar, a kunna masa kiɗa ya ji sauti yana tashi, ya biya ya kama gabansa. Bai ga wayar da aka bi da ita ta ƙarƙashin shimfiɗar mota ba, bai ga yadda aka haɗa bakinta ba, bai kuma san ko an sa mata fis ba. Idan an yi ha'inci a nan, sai bayan wata shida zai sani, lokacin da lasifikar ƙofa ta fara kakari, ko batir ya riƙa mutuwa cikin dare, ko kuma hayaƙi ya taso daga ƙarƙashin sitiyari.

An zaɓi Kuala Lumpur ne saboda abubuwa biyu sun haɗu a wurin: masana'antar kayan lantarki mai tsohon tarihi, da kuma al'ummar da ta rungumi mota ƙwarai, har ta kai an sayar da sababbin motoci fiye da 800,000 a ƙasar a shekarar 2024 kaɗai. Birnin kuma ba baƙo ba ne ga Hausawa, domin ɗalibai da 'yan kasuwa daga Arewacin Nijeriya sun daɗe suna zirga-zirga zuwa can. Hujjar da maƙalar za ta kafa ita ce: a sana'ar da aikinta ɓoyayye ne, inganci ba ya samuwa sai an sami hanyar da za a fito da aikin fili a duba shi.

2.0 Asalin Matsalar

Matsalar ɗaurawa tagwai ce da rediyon mota kansa. A shekarar 1930 kamfanin wasu 'yan'uwa biyu na birnin Chicago a Amurka, Paul da Joseph Galvin, ya fitar da rediyo mai suna Motorola, wanda ake ɗauka a matsayin na farko da ya sami kasuwa sosai. Kuɗinsa ya haura dala 100, a zamanin da sabuwar ƙaramar Ford ba ta kai dala 700 ba. Rediyon gunduwa-gunduwa yake zuwa: akwatin kama tasha daban, lasifika daban, abin murɗawa a jikin sandar sitiyari, ga eriya wadda sai an kwance rufin mota ta ciki kafin a shimfiɗa ta. Babban ciwon kan shi ne tartsatsin fulogin inji, wanda ke cika rediyon da ƙara idan ba a sa abin da zai danne shi ba. Tun daga ranar farko ke nan, rabin nagartar rediyon tana masana'anta, rabi kuma tana hannun wanda ya ɗaura.

A Jamus, kamfanin da aka sani da Blaupunkt ya fitar da nasa rediyon motar a 1932. Sunan kansa yana da alaƙa da wannan nazari. Ma'anarsa shuɗin ɗigo, kuma asalinsa alama ce da kamfanin ke ɗiga wa kayan sauraren da suka tsallake gwaji. Masu saye suka riƙa neman mai shuɗin ɗigo, har a 1938 kamfanin ya mayar da alamar sunansa. Wannan ɗigo shaida ce a kan abin da ya fito daga masana'anta. Babu makamancinsa ga aikin da ake yi a gareji.

3.0 Ma'aunin Akwati da Soket

Shekarun 1960 zuwa 1980 sun kawo kaset, wanda Philips ya gabatar a 1963, da faifan CD, wanda Pioneer ya shigar da shi mota a 1984. Yawan kamfanoni da yawan samfura ya sa dole a daidaita girma. Hukumar ma'auni ta Jamus ta fitar da ƙa'ida mai lamba DIN 75490, wadda hukumar ma'auni ta duniya ta karɓa a 1984 a matsayin ISO 7736. Ita ce ta tsayar da cewa fuskar rediyon mota za ta zama milimita 180 a faɗi da 50 a tsayi, ninkinta kuma 180 da 100. Daga baya ISO 10487 ta zo ta tsara soket ɗin da ke bayan rediyo: wane rami ne na wuta, wanne ne na lasifikar hagu, wanne ne na dama.

Wannan ci gaba ne babba, domin ya sa rediyon da aka ƙera a wata nahiya yana shiga ramin motar da aka ƙera a wata. Sai dai iyakarsa ke nan. Ma'aunin ya tsaya a bakin akwati da soket. Bai yi magana a kan kaurin wayar da za a ja daga batir zuwa but ba, ko inda za a huda ƙarfe, ko yadda za a ɗaure akwatin lasifika. Bugu da ƙari, kamfanonin motocin Japan kowanne ya ci gaba da amfani da irin nasa soket. A ƙasar da yawancin motocinta tushensu Japan ne, wannan na nufin mai ɗaurawa yana da zaɓi biyu: ya sayi soket mai haɗa biyun, ko ya ɗauki filaya ya datse wayoyin asali ya murɗe su da na rediyo. Na biyun ya fi araha, ya fi sauri, kuma mai mota ba zai gani ba.

4.0 Maleshiya: Masana'anta Kafin Shago

Shigar Maleshiya wannan harka ta fara ne daga tsibirin Penang a arewacin ƙasar. Bayan tsibirin ya rasa matsayinsa na tashar jiragen ruwa marar haraji a 1969, gwamnatin jihar a ƙarƙashin Lim Chong Eu ta nemi mafita ta hanyar jawo kamfanonin lantarki, aka buɗe yankin ciniki marar haraji na Bayan Lepas a 1972. Cikin kamfanoni takwas na farko da suka kafa masana'antu a can, biyu suna da hannu a harkar sautin mota: Clarion na Japan, wanda ya kafa reshensa na Maleshiya a 1970, da Bosch na Jamus, wanda masana'antarsa daga baya ta zama wurin haɗa rediyoyi masu sunan Blaupunkt. Ma'aikatan waɗannan wurare sun koyi aiki bisa rubutacciyar ƙa'ida, ana gwada kaya kafin a fitar da su zuwa ƙasashen waje. A 1975 kuma aka kafa SIRIM, hukumar ma'auni da binciken masana'antu ta ƙasa.

Mataki na biyu shi ne motar ƙasa. An kafa kamfanin Proton a 1983 a zamanin Firayim Minista Mahathir Mohamad, da haɗin gwiwar Mitsubishi, kuma motarsa ta farko, Saga, ta fito daga masana'antar Shah Alam, kusa da Kuala Lumpur, ranar 9 ga Yuli 1985. Perodua ya biyo baya da haɗin gwiwar Daihatsu, ya fitar da ƙaramar motarsa Kancil a 1994. Harajin da aka ɗora wa motocin waje ya sa waɗannan biyu suka mamaye kasuwa, ƙaramin ma'aikaci ya sami damar mallakar mota. A wannan shekarar ta 1994 aka kammala babbar hanyar da ta ratsa ƙasar daga arewa zuwa kudu, mai tsawon fiye da kilomita 750, wadda mazauna birni ke bi su koma garuruwansu lokacin salla da sauran bukukuwa.

Sakamakon haka a bayyane yake. Dubban ɗaruruwan mutane sun mallaki motoci iri ɗaya, masu sauƙin kuɗi, waɗanda kayan sautinsu na asali ba su da wani armashi, suna kuma shafe sa'o'i a ciki, ko a cunkoson birni ko a doguwar tafiya. Wanda yake son motarsa ta bambanta da ta maƙwabcinsa sai ya nufi shagon kayan ƙawar mota.

5.0 Shagunan Kuala Lumpur da Hanyar Koyon Sana'a

Kuala Lumpur ta taso ne wajen 1857 a matsayin sansanin masu haƙar kuza, galibinsu 'yan asalin ƙasar Sin, kuma ƙananan maƙeru da wuraren gyaran injuna da suka yi wa ma'adinan hidima su ne kakannin garejojin yau. Har yanzu akwai titi da ke ɗauke da sunan Chan Sow Lin, wanda ake tunawa da shi a matsayin jagoran wannan sana'a ta ƙarfe. Shagunan gyaran mota da na kayan ƙawa sun yawaita a wurare irin su Jalan Ipoh, Segambut, Sungai Besi, Cheras da Jalan Klang Lama, yayin da titin Jalan Pasar a unguwar Pudu ya yi suna wajen sayar da ƙananan kayan lantarki. Shago ɗaya yakan haɗa ayyuka da yawa: liƙa duhun gilashi, sa ƙararrawar ɓarawo, sauya fitilu, da ɗaura kayan sauti.

Hanyar koyo a waɗannan shaguna ba za ta ba Bahaushe mamaki ba. Yaro yana shiga hannun gwani, wanda ake kira sifu, ya fara da miƙa kayan aiki da kwance murfin ƙofa, a hankali ya kai ga taɓa waya. Mai shagon, wato tauke, shi ke sayo kaya ya yanka farashi. Harshen yau da kullum na ƙasar yana da kalmomin da ke nuna jama'a sun san bambancin aiki da aiki: cincai na nufin aikin da aka yi sama-sama don a rabu da shi, bengkel bawah pokok kuma shi ne abin da za mu kira garejin gindin bishiya. Ƙarfin wannan tsari shi ne yana haifar da gwanaye masu kaifin hannu. Rauninsa kuwa shi ne ƙa'idar kowane shago tana cikin kan maigidansa, kuma yaro yana gadon kuskuren ubangidansa kamar yadda yake gadon gwanintarsa.

Tattalin arziki ma ya yi tasiri. A rikicin kuɗi na Asiya na 1997 zuwa 1998, ringit ya faɗi daga kusan 2.50 a kan dala ɗaya zuwa sama da 4, kafin gwamnati ta tsayar da shi a 3.80 a watan Satumba 1998. Kayan da ake shigo da su sun yi tsada. A duk inda aka ɗora gasar shaguna a kan farashi kaɗai, wurin da ake fara rage kuɗi shi ne inda mai saye ba ya gani: waya, fis, da lokacin da ake ba aikin.

6.0 Mene ne Ingancin Aiki a Wannan Sana'a?

Mutane da yawa suna raina wutar mota saboda bolt 12 ce kawai, ba ta jan mutum. Haɗarinta yana wani wuri. Na'urar da ke cin wat 1,000 a wutar gida mai bolt 240 tana jan kimanin amfiya 4; a mota kuwa tana jan fiye da amfiya 80. Batir da aka haɗa bakinsa kai tsaye da jikin mota yana iya turo ɗaruruwan amfiya, abin da zai mayar da waya jajawur cikin daƙiƙoƙi. Daga wannan lissafi ne manyan ƙa'idojin sana'ar suka samo asali.

Ta farko ita ce fis kusa da batir, domin aikin fis ɗin shi ne kare wayar kanta, kuma duk tsawon da ke tsakanin batir da fis ba shi da kariya. Ta biyu, kaurin waya ya dace da wutar da za ta ɗauka. A nan ne algus ya fi yawa, domin ana sayar da wayar alminiyum da aka yi wa rufin jan ƙarfe a matsayin ta jan ƙarfe zalla, alhali alminiyum yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 ne na wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya zai ɗauka. Ta uku, duk inda waya ta ratsa ƙarfe, musamman bangon da ya raba inji da wurin zama, dole a sa zoben roba don kada girgiza ta sa ƙarfen ya cinye fatar wayar. Ta huɗu, wayar da ke komawa jikin mota ta zama gajera, a kankare fenti, a ɗaure ta da noti. Idan aka yi sakaci a nan, ko aka jera wayar sauti da wayar wuta wuri guda, sai a riƙa jin wani kuka a lasifika da ke tashi yana sauka tare da totur. Ta biyar, a haɗa baki da baki da dalma ko da abin matsewa, a rufe da robar da ke tsukewa da zafi, maimakon a murɗe a naɗe da salatif. Ta shida, akwatin babbar lasifika da ke but a ɗaure shi da jikin mota, domin akwati mai nauyin kilo 20 yana zama makami idan aka yi karo. Ta bakwai, kada a taɓa wayoyin jakar iska mai kare fasinja, waɗanda galibi ake yi wa alama da ruwan ɗorawa.

Yanayin Kuala Lumpur yana gaggauta tona asirin wanda ya karya waɗannan ƙa'idoji. Ruwan sama yana haura milimita 2,000 a shekara, zafin rana yana kai wa kimanin digiri 32 zuwa 33 kusan kullum, iska kuma cike take da laima. Gam ɗin salatif yana narkewa a motar da aka ajiye a rana, mahaɗar da ba a rufe ba tana tsatsa, sannan zoben katakon garin itace da ake ɗora lasifikar ƙofa a kai yana shan ruwan da ke gangarowa ta gefen gilashi ya kumbura.

7.0 Giɓin da Doka Ta Bari

Idan aka jera dokokin ƙasar, za a ga kowacce ta zo kusa da wannan aiki ta tsaya. Dokar samar da lantarki ta 1990 da ƙa'idojinta na 1994 sun wajabta wa mai wayarin gida ya mallaki takardar ƙwarewa, amma gine-gine da masana'antu aka yi su dominsu. Dokar sadarwa ta 1998 ta sa na'urar da ke amfani da Bluetooth ko makamancinsa sai ta sami shaidar gwaji, wadda reshen SIRIM ke bayarwa; wannan ma shaida ce a kan akwati. Hukumar sufurin hanya, JPJ, wadda ke aiki da dokar sufuri ta 1987, tana sa ido a kan sauye-sauyen da ake yi wa mota, sai dai ƙarfinta ya fi bayyana a abin da jami'i zai iya gani ko aunawa a bakin titi, kamar fitilu da duhun gilashi, inda aka ƙayyade cewa gilashin gaba ya bar kashi 70 cikin 100 na haske ya shiga, na gefen direba kuma kashi 50. Cibiyar duba motoci ta PUSPAKOM, wadda aka kafa a 1994, tana duba motocin haya da na kaya lokaci-lokaci, motar gida kuwa galibi sai za a sauya mai ita, kuma hankali a lokacin yana kan lambar inji da ta shasi da ko an yanka jikin motar an haɗa.

Ta fuskar horo, ƙasar ta fara ba da takardar shaidar sana'a ta ƙasa, SKM, a farkon shekarun 1990, aka ƙarfafa tsarin da dokar bunƙasa ƙwarewa ta 2006, mai matakai biyar. Sana'o'in mota suna ciki. Amma takardar hanya ce ta samun aiki da ƙarin daraja. Yaron da ya koyi aiki a hannun sifu yana iya ci gaba da sana'arsa ba tare da ita ba. A Amurka ma, shirin MECP da masana'antar ta kafa a 1991 domin jarraba masu ɗaura kayan lantarki a mota na ganin dama ne. Giɓin ke nan bai keɓanta da Maleshiya ba.

8.0 Abubuwa Uku da Suka Rage Giɓin

8.1 Gasar Sauti

Rubutacciyar ƙa'idar ɗaurawa mafi tsauri ta fito ne daga fagen gasa. An kafa ƙungiyar IASCA a Amurka a 1987, takwararta ta Turai, EMMA, a 2000, kuma gasanninsu sun bazu zuwa Kudu maso Gabashin Asiya, har da Maleshiya da Tailan da Indunusiya. Alƙalan gasar ba sauti kaɗai suke ba maki ba, har da ɗaurawa. Ƙa'idar IASCA ta ce fis kada ya wuce inci 18 daga batir, ta EMMA ta ce santimita 40. Ana duba kaurin waya da girman fis, da kariyar da aka yi mata inda ta ratsa ƙarfe, da ƙarfin ɗaurin kowace na'ura. Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne, tun da alƙali ba zai kwance mota ba, mai gasa yana gabatar da hotunan da aka ɗauka lokacin aiki, kafin a mayar da shimfiɗa da murafu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. A nan hoto ya zama shaidar abin da aka binne.

Motocin gasa 'yan kaɗan ne, amma tasirin ya wuce su. Shagon da ya ci kofi yana jera shi a gaban kanti, yaran da suka yi aikin suna ɗaukar ɗabi'ar zuwa shagunan da suke buɗewa, kuma da zuwan wayar hannu mai kyamara da Facebook, nuna hoton aiki tun yana buɗe ya zama hanyar talla.

8.2 Dokar Kare Masu Saye

Dokar kare masu saye ta 1999 ta tanadi a sashe na 53 cewa duk hidimar da aka yi wa mai saye tana ɗauke da lamunin cewa an yi ta da kulawa da ƙwarewa gwargwadon hankali, ko da ba a rubuta hakan a rasit ba. Dokar ta kuma kafa kotun sauraren ƙorafin masu saye, inda ake shigar da ƙara da ringit 5, ba tare da lauya ba, kuma a 2019 aka ɗaga iyakar abin da take iya saurare zuwa ringit 50,000. Wannan ya ba wanda aka ɓata wa mota wurin zuwa. Raunin hanyar shi ne sai bayan ɓarna take aiki, kuma mai ƙara ne zai nuna cewa aikin shagon ya jawo ta. Dokar ba ta fassara abin da ake nufi da ƙwarewa a wannan sana'a ba, saboda haka rasit mai bayani da hoto su ne makamin kowane ɓangare.

8.3 Garantin Kamfani da Sauyin Mota

Abu na uku ya zo ne daga motar kanta. Tun da Bosch ya gabatar da tsarin CAN a 1986, wanda ke sa kwamfutocin mota su yi magana da juna ta waya biyu, rediyo ya daina zama akwati mai zaman kansa. A motoci irin su Proton X70, wadda ta fito a ƙarshen 2018 bayan kamfanin Geely na ƙasar Sin ya sayi kashi 49.9 cikin 100 na Proton a 2017, allon gaban mota yana haɗe da kyamarori da saitunan motar. Datse waya a irin wannan mota yana iya tayar da matsala a wani wuri dabam, kuma kamfanoni suna janye garantin ɓangaren lantarki idan sun ga an yi haka. Mai motar da ke biyan bashin banki na shekara bakwai ko tara ba ya son ya rasa garanti. Sai shaguna suka koma tallata soket da aka ƙera daidai da kowace mota, wanda ake cusawa ba tare da yanka waya ba, ko da rediyoyin Android masu araha da suka cika kasuwa a shekarun 2010 ne ake ɗaurawa. Abin da wa'azin inganci bai cim ma ba, tsoron asara ya cim masa, domin yanzu akwai wanda zai buɗe ya duba: bakaniken kamfani a ranar sabis.

9.0 Darasi ga Ƙasar Hausa

Wanda ya san Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna zai gane hoton da aka zana a sama. Rewaya yana koyo a hannun maigida har a yaye shi. Motoci 'yan Kwatano suna zuwa da soket iri-iri. Matuƙa A Daidaita Sahu suna ɗora lasifika da amfilifaya a kan ƙaramin batir. Maimakon laima, zafin bazara mai haura digiri 40 da ƙurar hunturu ne ke busar da fatar waya. Nijeriya ma tana da hukumar ma'auni tun 1971, tana da dokar gasa da kare masu saye da aka sa wa hannu a 2019, wadda ta ba mai saye haƙƙin a yi masa hidima mai ingancin da mai hankali zai sa rai. Giɓin iri ɗaya ne: an auna kaya, ba a auna hannu ba.

Ƙasar Hausa tana da nata tarihin sa ido a kan aikin hannu. Sarautu irin su Sarkin Maƙera da Sarkin Magina sun kasance masu jagorancin 'yan sana'a da sasanta abin da ya taso tsakaninsu, kuma ƙungiyoyin kanikawa na yau suna riƙe da wani ɓangare na wannan aiki. Abin da tarihin Kuala Lumpur ke nunawa shi ne ba sai an jira sabuwar doka ba. Ƙungiya tana iya rubuta gajeren jerin ƙa'idoji da Hausa, irin bakwai ɗin da aka ambata, ta liƙa a kowane gareji. Tana iya mayar da shi al'ada cewa rewaya ya ɗauki hoton aiki da wayarsa ya tura wa mai mota kafin ya rufe, ya kuma rubuta a rasit irin wayar da girman fis ɗin da ya sa. Kwalejojin fasaha suna iya shirya gasar da za a ba tsaftar wayarin maki daidai da ƙarfin sauti.

10.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin ɗaura kayan sauti a mota daga 1930 zuwa yau, ta nuna cewa ma'aunan DIN da ISO da shaidar SIRIM sun tsaya a kan kaya, dokokin lantarki da na sufuri kuma sun tsaya a kan gini da abin da ake gani daga waje. A Kuala Lumpur, ingancin aikin hannu ya ƙaru ne a wuraren da aka sami mai dubawa: alƙalin gasa da hotunansa, kotun masu saye da shaidunta, da bakaniken kamfani da sharaɗin garantinsa. Inda babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, har yanzu mai mota yana dogara ne da amanar wanda ya bar wa makulli. Akwai buƙatar masu nazarin sana'o'in Hausawa su shiga garejojin Kano da Katsina da Maraɗi, su tattara kalmomin da rewaya ke amfani da su da ƙa'idojin da magidanta ke koya wa yaransu da baki, domin daga nan ne za a iya rubuta ma'aunin da 'yan sana'ar za su ɗauka a matsayin nasu.